Sukarin Bikin Rahila

Jiya na ji ɗaya daga cikinku tana cewa wai alewar ɓawon lemu ba sana'a ba ce, ɓawo ne da sukari da wuta, ta ga an yi a waya cikin minti biyu. To, madalla da waya. Ni da na kusa shekara arba'in a bakin tukunyar nan, har yau in zan ɗora sai na yi bisimilla da ƙarfi. Ku ajiye wayoyin ku ɗauki wuƙa, kuna yanka ina ba ku labari, don ba na son mai saurare da hannu a cinya.

Ni asalina mai lemu ce. Da aka kawo ni Makera amarya, maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, kuma albashin masaƙa bai isa a yi wa mace kulle da shi ba. Sai na kafa tire a kusa da ƙofar kamfanin, in jiniya ta yi kuka ma'aikata su fito su yanyame ni. Da reza nake ferewa. Nakan cire koren ɓawon siriri, zare ɗaya daga kai har gindi bai tsinke ba, farin ya rage a jikin lemun, in yanke kai mutum ya tsotsa. A duk layin nan ba wadda ta kai ni siririn hannu, kuma na san haka, ina ji da kaina. Zaren ɓawon nakan rataye shi a ƙusa, in ya bushe mu ƙona a ɗaki mu kori sauro. Iyakar amfanin ɓawo da na sani ke nan.

Akwai wani tsoho da ke zuwa kowace Juma'a da yamma, sanye da farar riga mai guga kamar zai je ofis. Baba Yakubu sunansa, mutumin wajen Kagoro, ya yi shekara talatin yana kuku a gidajen Turawan masaƙa kafin ya ajiye. Abin da ya fara ɗaure mini kai da shi, lemun da kowa ke ƙi shi yake zaɓa, mai kaurin ɓawo, mai ƙarancin ruwa. In na kawo garehul kuwa, ƙaton lemun nan mai ɗaci-ɗaci, har murmushi yake yi. Ranar farko na kai reza zan fere masa, ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki taɓa mini shi da abin nan." Ya zauna a kan benci, ya ciro wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, ya tsaga ɓawon gida huɗu, ya ɓare shi da farinsa duka. Sai ya rarraba wa masu wucewa lemun, ya naɗe ɓawon a takarda ya tafi da abinsa.

Mutum ya sayi lemu ya ba da lemun ya tafi da ɓawo! Na ce ko dai tsohon nan boka ne, ko kuwa zama da Turawa ya taɓa masa kai. Na yi mako uku ina kallonsa, a na huɗu na kasa haƙuri.

"Baba, don Allah magani kake haɗawa?"

"Maganin me?"

"Ko na shawara, ko na basir."

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya zama." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wani abu a takarda. Tsinke ne na ɓawo, amma haske yana ratsa shi kamar kwalba, ga laushi. Na ciza. Zaƙi ya fara zuwa, sai ƙamshin lemu ya hau mini har hanci, can baya kuma wani ɗan ɗaci kaɗan wanda ke sa mutum ya nemi ƙari. Na juya shi, na shinshina, na ɗaga shi ga rana. Tsohon ya tafi ya bar ni da baki buɗe.

Washegari na kwashi zaren ɓawona, wanda nake alfahari da shi, na zuba a tukunya da ruwa da sukari na hura wuta. Abin da ya fito, in kun taɓa tauna tsintsiya da aka jiƙa a ruwan maɗaci to kun ɗanɗana shi. Ban ji kunya ba, na ƙulla a leda na kai masa ranar Juma'a. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, farin nan da kike bari a jikin lemu ai shi ne mai shan sukarin. Kin bar naman kin dafa riga." Nan muka shirya: ni in riƙa zaɓar masa lemu mai kauri tun daga bakin motar da ke kawowa daga Binuwai, shi kuma ya bar ni in zauna in ga yadda ake yi. Bai ce zai koya mini ba. Cewa ya yi in zauna in gani.

Ɗakinsa ɗaya ne a can bayan layinmu, shi da autarsa Rahila, matarsa ta riga ta rasu. Kayan aikin ba su da yawa. Tukunya ce ta alminiyam mai kaurin gindi da wata matar Bature ta bar masa, da 'yar wuƙar nan, da ragar waya da ya ciro daga mataccen firji, da tebur da ya tsoma ƙafafunsa huɗu cikin gwangwanayen madara masu ruwa saboda kiyashi. Shi yana zama a kujera mai hannu, ni kuwa a 'yar tsugunno. Shekara biyu na yi a kan 'yar tsugunnon nan.

Aikin farko da ya ba ni shi ne zubar da ruwa, kuma shi ya fi ba ni ciwo. Za a wanke ɓawo da gishiri, a zuba a ruwan sanyi a ɗora, da ya tafasa a tsiyaye a zubar. A sake sabon ruwa, a sake zubarwa. Lemu sau uku, garehul har sau biyar. Ku da kuke murɗa famfo a cikin gida ba za ku gane ba. Ni da na tsaya layin famfo tun safe na ɗauko bokiti a ka, a ce in tafasa shi in kwarara a kwata? Na ce, "Baba, ko wanke-wanke a yi da shi mana." Ya ce in yi, amma sai na fara ɗanɗanawa. Kowane ruwa sai na ɗiba a cokali na kai baki. Na farko yana sa fuska ta tattare, na biyu da sauƙi, na uku ɗacin ya koma ƙamshi. A nan ake tsayawa. In kika wuce, kin kashe lemun, sai ki samu zaƙi kawai ba rai. Sannan ki soka tsinken tsintsiya, in ya shige ba gardama to ɓawo ya nuna.

Sai maganar sukari, wadda ita ce sana'ar gaba ɗaya. Ranar farko ruwan sukarin tsararo ake yi, kamar shayin gidan marowaci. A zuba ɓawon ya ɗan yi ɓararraka a wuta kaɗan, a sauke, a rufe da tsumma mai tsabta a bar shi ya kwana. Da safe a tsame ɓawon, a ƙara wa ruwan gwangwani ɗaya na sukari, a tafasa, a matsa lemun tsami kaɗan don kada ya yi tsakuwa, a mai da ɓawon, a sake barinsa. Haka kowace safiya har kwana shida. Ranar ta shida za ki ga farin ya ɓace, haske yana ratsa shi. Sai a jera a kan raga a inuwa, kwana biyu ko uku, har ya daina kama yatsa. Wanda za a ci haka nan a birkima shi cikin sukari, na kek kuwa a yayyanka ƙanana.

Tun makon farko na tambaye shi, "Baba, tunda sukarin duka cikin tukunya zai ƙare, me ya sa ba za a zuba shi rana ɗaya a huta ba?"

Ya ce, "Haka ake yi."

"Na ji, amma me ya sa?"

"Haka matar Bature ta nuna mini, haka nake yi, haka za ki yi."

Na sake tambaya bayan wata guda, na sake bayan shekara. Amsar ba ta canja ba. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Masu saye sun samu. Babbar cikinsu ita ce Madam Uche, 'yar ƙabilar Ibo mai gasa kek ɗin biki a Kakuri, mace mai murya kamar lasifika da hannu a buɗe. Dā na gwangwani take saye, wanda ake kawowa daga waje, da ya ɓace daga kantuna sai ta dawo gare mu. In Kirsimeti ta matso matan Sabon Tasha sukan yi mana layi. Hajiyoyi suna saye su ajiye wa baƙi, masu ciki suna tsotsa don tashin zuciya, har wani direban Kudenda da ya rantse shi ne ke hana shi barci a hanya. Na daina zaman ƙofar masaƙa sai jefi-jefi.

Sai mugunyar shekara ta zo, wadda iyayenku suke kira lokacin layi. Sukari, madara, sabulu, duk sun ɓuya. Sai an ji labarin an kawo kaya kantin gwamnati, a kwasa a guje a tsaya tun safe har la'asar, wani sa'in a kai kanka a ce ya ƙare. Masaƙa ta rage ma'aikata. Mu kuwa tukunya ta yi wata da watanni a kife. A cikin wannan hali aka sa ranar auren Rahila, cikin watan Disamba.

Baba ya kira ni ya ce, "Ladi, na yi wa Turawa kek ɗin bikin 'ya'yansu, na yi na haihuwarsu, har na karensu na taɓa yi. A gidana ban taɓa yanka ko ɗaya ba. Yayyen Rahila duk da shinkafa aka sallame su. Wannan ita ce ta ƙarshe, kuma da hannuna zan yi, da ɓawo a ciki yadda ake yi wa manya." Wata huɗu shi da Rahila suna tsayawa layi, ba su sha shayi da sukari ba ko sau ɗaya. Ya raba abin da suka tara gida biyu. Na kwaɓin kek ya kai wa Madam Uche ajiya, tunda a obin ɗinta za a gasa. Na ɓawo kuwa, gwangwani bakwai, ya ƙulla a rigar matashi.

Ana saura mako uku biki ya zama dole ya tafi ƙauye wajen dangi, kwana shida zai yi. Rahila tana aikin karɓa-karɓa a masaƙa, yau dare gobe rana, kuma ba ta taɓa son zaman tukunya ba. Muka tafasa ɓawon tare, muka yi ruwan farko, sannan ya ɗauko tukunyar da ragar da ƙullin sukarin ya kawo ɗakina da kansa. Bai taɓa barin tukunyar nan ta kwana a waje ba. A bakin ƙofa ya ɗaga yatsa ya ce, "Gwangwani ɗaya kowace safiya." Na ce, "Baba, ai ko a barci na sani."

To, gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Tibi, tsakar gida ɗaya, murhu a jere. A irin gidan nan ba a ɓoye abu. In kin soya albasa kowa ya san da mai kika yi. Kuma ƙa'idar zaman ita ce, abin da maƙwabciya ta gani a hannunki, in ta aiko a sam mata, ba a cewa a'a. Yau ke ce mai shi, gobe ke ce mai aike.

Tun da yammar ranar maƙwabciyata Maman Bebi ta ɗaga labulena riƙe da kofi. Jaririyarta ke zawo tun jiya, a asibiti an ce a haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Wa zai hana wannan? Na ɗiba na ba ta. Washegari da safe ina ƙara gwangwanin ranar, sai ga Inna, tsohuwar da ta zo daga wajen Maƙarfi zaman jegon 'yarta a ɗakin ƙarshe. Ta ce, "'Yar nan, mai jego ta ƙi kunu, ko ɗan kaɗan ne a yaudari bakinta." Na ba ta. Kafin azahar matar mai gidan ta aiko, wai Malam ya yi baƙi. Da la'asar wata ta zo ba ta ma roƙa ba, ta dai zauna tana yaba ƙamshin ɗakina da kofi a cinya. Da na auna abin da ya rage, na ga gwangwani guda ya tafi, saura huɗu maimakon biyar, kuma labari bai ma gama zaga layi ba.

Na rasa yadda zan yi. In na ce babu, ƙarya ce, kuma sun san ƙarya ce. In na ce ba nawa ba ne, amana ce, za a ce ai da ta Maman Bebi ba amana ba ce? In na hana, ranar da nawa ɗan zai kwanta ba mai leƙo ni. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in zai yi ɓarna. Na ce sukarin da ke cikin tukunya ai ba mai zuwa da kofi ya roƙa. Kuma bari in gaya muku gaskiya tunda na tsufa: ƙayar nan ta tafin ƙafa ma ta taimaka. Shekara biyu ina son in ga abin da zai faru.

Da safe na fito da tukunyar tsakar gida inda kowa ke gani, na juye sukarin duka, na kakkaɓe rigar matashin sama sau uku. Na tafasa, na mai da ɓawon. Na ji wani sanyi a raina, na ce yau ko wa ya zo zan ce babu da gaskiyata.

Da la'asar na ɗaga tsumman. Ɓawon da ya kamata ya kumbura ya yi haske, sai na tarar ya motse, ya nannaɗe, ya yi tauri kamar gandar da ba ta dahu ba. Na ciza ɗaya, haƙorina ya dawo. Da na tsaya a nan, da ko ruwan sukarin an tsira da shi. Amma sai na ce ai abu mai tauri wuta yake so, na ƙara gawayi na hau fifita. Garin neman gira na rasa ido. Kafin in ankara ƙauri ya cika gidan, sukarin ya yi baƙi kamar kwalta, ya kama gindin tukunyar matar Bature. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na ɓoye muku. Wata huɗu na shayin tsoho ba sukari, na ƙone shi a yini ɗaya.

Na ruga Kakuri wurin Madam Uche. Ta saurare ni hannu a ƙugu, ta ce, "Chineke! Ladi, you wan kill dis old man? Kashe tsohon nan za ki yi?" Na roƙe ta ko gwangwani biyu daga na kek. Ta ce, "Ko ƙwaya ɗaya ba na taɓawa. In na taɓa, kek ma ya lalace, an yi biyu babu. Bari a gasa haka ba ɓawo, wa zai sani?" Na ce Baba zai sani. Ita ma ta san haka ne. Na zaga kasuwar Kakuri rumfa-rumfa, ko mai ɓoyewa a ƙarƙashin tebur ya ce mini sai wani mako.

Da na dawo gida na tarar da matan gidan sun jiƙa tukunyar suna kankarewa da toka. Can sai ga Inna ta fito daga ɗakin mai jego da ƙullin zane, ta ajiye a gabana ta kwance. Curi huɗu ne na mazarƙwaila, wannan baƙin sukarin rake da ake dafawa a ƙauyukansu, ta kawo wa 'yarta ne amma 'yar birni ta ce ba ta so. Ta ce, "Ban san ko zai yi miki ba. Amma kafin Bature ya kawo farin, da wannan muka san zaƙi."

Ban taɓa jin wanda ya yi ɓawo da mazarƙwaila ba. Wannan karon dai na yi hankali, ban sa duka a tukunya ɗaya ba sai da na gwada a ƙananan kwanoni. Na gano tana da ƙasa-ƙasa da ɓurɓushin rake, dole a narka ta a tace da sabon ɗankwali. Tana kumfa, sai an tsaya ana kwashewa. Tana son lemun tsami fiye da farin sukari, kuma ba ta son wuta ko kaɗan, da kin juya baya ta kama. Na sayo sabon lemu da garehul, na zubar da ruwa uku da biyar, na fara daga tsararo. Kowace safiya ɗan gutsure ɗaya, ba ƙari. Ba wanda ya sake zuwa da kofi.

Baba ya dawo ina kwana na uku. Ban jira ya zauna ba, na durƙusa na faɗa masa komai, har da kakkaɓe rigar matashi. Na miƙa masa kwanon da na tara 'yan ɓawon farko da na tsame kafin ƙonewar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ɗauki ɗaya ya fita haske da shi, ya juya, ya latsa da farce, ya gwada lanƙwasawa.

"Duka kika zuba?"

"Duka, Baba."

"Rana ɗaya?"

"Rana ɗaya."

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ashe abin da yake yi ke nan. Sukarin ya yi masa yawa, ya tsotse ruwan jikinsa, ya rufe ƙofa bai shiga ba." Ya dube ni. "Shekara talatin ban san dalili ba. Wa zai ba kuku sukarin Bature ya yi gwaji da shi?" Ya jefa ɓawon a aljihun farar rigarsa.

Na ji ɗan sauƙi, na buɗe masa sabuwar tukunyar. Nan fa fuskarsa ta canja. Ya ga ruwa baƙi-baƙi, ya ji ƙamshin rake. Ya ce, "Mazarƙwaila? 'Ya'yan Turawa da farin sukari, 'yata kuma da na ƙauye?" Ko cokali bai karɓa ba. Ya juya ya fita, bai ɗauki tukunyarsa ba, bai kuma ce in zubar ba. Maganar nan ta fi mini zafi da a ce ya mare ni, don na san ba ni yake wa faɗa ba, shekarunsa talatin yake tunawa.

Na ci gaba da abina, tunda ba abin da ya rage in yi. Na cika kwana shida, na jera a raga, ya ɗauki kwana huɗu kafin ya daina kama yatsa. Ya fito launin zuma mai duhu, amma haske yana ratsa shi. Ranar gashi na ƙulla a takarda na tafi gidan Madam Uche. Na same shi zaune da babban kwano a cinya yana buga bota da sukari, bai ɗago ba. Madam ta warware takardar, ta jefa ɗaya a baki, ta tauna, ta ɗauki na biyu. Sai ta ɗauki na uku ta danna masa a hannu ta ce, "Papa, chop first before you vex. Ci tukuna kafin ka yi fushi."

Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya ɗauki na garehul, shi ma ya tauna. Sannan ya ciro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya miƙo mini ta wajen ƙota, ya ce, "Yanka ƙanana. Kada su wuce ƙwayar masara."

An yi liyafar a filin wata makaranta a Unguwar Boro. Mu matan gidanmu muka je gaba ɗaya, har Inna, muka zauna a benci na baya. Kek hawa uku, fari fes a waje, da aka yanka cikin ya fito duhu, ƙamshinsa ya iso har inda muke. Rahila ta ba angonta, sannan ta yanko wani ta je ta durƙusa ta ba ubanta a baki. Tsohon ya rufe ido. A kusa da shi akwai wani abokinsa, shi ma tsohon kuku, ya ci nasa ya ɗaga murya ya ce, "Yakubu, a wannan zamanin ina ka samo ɓawon Ingila?"

Baba ya miƙe tsaye da farar rigarsa, ya nuna bencinmu ya ce, "Na Makera ne. Ga masu shi can."

Ranar Litinin da hantsi ina shara sai ga shi ya shigo gidanmu da sallama, riƙe da lemu shida da curin mazarƙwaila. Na yi sauri zan ɗauko masa kujera mai hannu daga ɗakin mai gida, ya ce in bari. Ya jawo 'yar tsugunno ya zauna a gaban murhuna, gwiwoyinsa har suna ƙara. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye mini ɓawon nan mai tauri a kan faifai, ya ce in adana shi, ya fi shi iya bayani. Sannan ya ce, "To, Malama, daga ina ake farawa?"

Ke mai minti biyu, ajiye wuƙar ki miƙo mini gwangwanin can na kan kanta, mai tsatsa. Buɗe. Ɓawon nan mai tauri shi ne wannan baƙin abin da kike gani, ya girmi uwarki. Ungo, ciza.